Taswira a Bayan Kalanda

Shekara talatin da ɗaya ina sama,
cikin kejin ƙarfe a tashar jiragen ruwan Valparaíso,
ina ɗaga kwantena kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Ko ɗaya bai taɓa suɓuce mini ba.
Amma ranar da Nélida ta faɗi a gaban murhu,
rabin jikinta ya tafi ya bar rabi,
sai ga ni tsaye a kicin ɗina kamar baƙo,
ban san inda gishiri ke kwana ba.

Na gwada jeri: ɗaya, biyu, uku,
daga sama zuwa ƙasa kamar takardar kwastan.
Kafin in kai na bakwai, na biyu ya tsere.
Wake ya ƙone. Maganin rana ya kwana a kwalba.

Jikata Maite ce ta zo ran Lahadi,
ta hau matakala ɗari da sittin tana haki,
ta zare kalandar bara daga ƙusa, ta kifa ta a tebur.
Ta ce, Kaka, kanka ba layin dogo ba ne.
Wa ke tsakiya?
Na ce, kakarki mana.
Ta zana da'ira, ta zaunar da sunan a ciki,
ta miƙo mini alƙaluma masu launi.

Reshen fari ja ne: magani.
Ya haifi 'ya'ya uku, safe, rana, dare,
na safen ya haifi nasa: bayan burodi, ba kafin ba.
Kore, tukunya.
Daga tukunya albasa, daga albasa kasuwa,
daga kasuwa Herminia mai kifi,
wadda ba ta ba da bashi, sai shawara:
duba idonsa, in ya yi hazo ka wuce.
Wannan ma na rataye a reshe.
Shuɗi, wanki, kuɗin wuta, ranar asibiti,
motsa mata hannun dama sau goma, ko tana harara.

Sai na ga abin da jeri ya ɓoye mini:
ashe asibiti da kasuwa hanya guda ce.
Na ja zare tsakaninsu. Gwiwata ta gode.

Wata safiya ina shanya na dubi garin,
teku a tsakiya, lunguna suna hawan tuddai,
kowanne ya rabu biyu, ya sake rabuwa,
a ƙarshen kowanne gida, da wani mai jiran shayi.
Shekara saba'in ina yawo cikin taswirar nan ban gane ba.

Ba kowane reshe ya yi ganye ba.
Na guga ya bushe; riga biyu na ƙona, na haƙura.
Gemu ba ya hana ilimi, gaskiya ne,
amma yana iya shiga miya.

Daren Yuli, sanyi, ruwa na dukan kwano,
ta nuna bango da haɓa.
Na sauko da takardar, na ɗora mata a cinya.
Ta kama alƙalami da hagu,
ta ja layi daga da'irarta, karkatacce, yana rawa,
zuwa kusurwar da na bari fayau.
Kwata guda tana yi. Ban taya ta ba.
Haruffa kamar sawun tururuwa:
Evaristo.
Ƙarƙashinsa 'yan rassa biyu, barci, teku.
Ta huta. Ta koma kan kore,
kusa da tukunya ta ƙara: rage gishiri.

Yanzu duk Alhamis Maite ke zama da ita,
ni kuwa in gangara bakin ruwa,
in kalli wani yaro yana ɗaga kwantenoni a kujerata,
hannunsa da ɗan gaggawa, zai koya.
In dawo da kifi mai ido garau.

Takardar ta cika har baki,
man girki ya ɗiga a kan ranar asibiti.
Na roƙi mai kantin magani ya ajiye mini kalandar bana
idan Disamba ta ƙare.