Hawa na Huɗu, Tsohuwar Masaƙa

Dillalin, Lucjan, ya zo da makullai uku
da murmushin wanda ya riga ya ci la'adarsa.
Ya ce, "Dubi jan bulon nan, ko shafe ba a yi masa ba,
haka masu kuɗi ke so yanzu."
Na gyaɗa kai. Ban gaya masa ba
cewa bangon nan ya san gidanmu tun ba a haife ni ba.

Kakata Genowefa ta shekara talatin da ɗaya
a wannan bene, tsaye gaban injin kaɗi,
tun Lodz tana tarin hayaƙi dare da rana.
Ta fito da kunne ɗaya,
na daman ta bar wa inji.
Mai son magana da ita sai ya zagayo ta hagu.

Yau a nan ake sayar min da shiru.
Kuɗin wata biyu a gaba, na uku ajiya,
ban da wuta, ban da ruwa, ban da ɗumama ɗaki,
kare kuwa sai da izini a rubuce.
Na sa hannu. Alƙalamin ma nasa ne.

Rufi can sama, murya kan gaji kafin ta kai.
Tagogi zanƙalo-zanƙalo,
an yi su ne don kada zare ya ɓuya wa ido,
ni kuwa shayi nake sha a gindinsu ina kallon dusar ƙanƙara.
A daɓe akwai ramuka huɗu da aka toshe da siminti,
sawun ƙafafun inji.
Na ja gadona na ɗora a kansu,
ya zauna daram, kamar da shi aka auna.

A ƙasa, inda ake awon auduga a da,
wani yaro mai gemu na zana ganye a kan madarar gahawa,
kofi ɗaya kuɗin burodin kwana uku.
Sun rataye ƙoshiya a bango don ado.
Na ji wata baƙuwa na tambaya ko ludayi ne.

Tsallaken titi, inda fenti bai kai ba tukuna,
tsoho Bronislaw na zaune bakin taga da takarda a hannu,
ta ƙarin haya, ta biyu a bana.
Ya ce, "Ke ma cikin sababbin kike?"
Na ce, "Jikar Genowefa ce."
Ya daɗe yana dubana.
"To, sannu da zuwa. Gemuna dai ya kama,
sai ki nemi ruwa ki shafa wa naki."
Ya yi dariya, haƙoransa uku. Ni ban samu tawa ba.

Ran Lahadi na ɗauko ta a mota.
Ta ƙi shiga na'urar hawa, ta ce matakala ta sani,
muka huta sau biyar kafin mu kai.
Ba ta dubi kujeruna ba, ba ta dubi furen da na saya ba.
Ginshiƙin ƙarfe ta nufa, ta dafa shi
kamar mai gaisuwar ta'aziyya.
"A nan Wieslawa ta rasa yatsu biyu,
ana saura kwana tara bikinta.
Ga ki kin ajiye firji."

Ta sa farce a wata tsaga tsakanin bulo,
ta zaƙulo ɗan ɓurɓushin auduga, baƙi ƙirin,
ta hure shi, ya yi sama, bai sauko ba.

Ta ce, "Shirun nan ya yi yawa. Yaya kike barci?"
Sannan ta zauna bakin gadon, kan sawun injinta,
ta cire takalmi, ta ce,
"Nawa suke karɓa a wata?"

Na zagaya ta dama,
na faɗa mata a hankali.