Hayar Inuwa

Ɗakin da na kama a Bagalam
bulo ne, samansa kwano.
In bazara ta tsaya a kan Maradi
ko ƙadangare ba ya taka shi da azahar.
Keken ɗinkina kamar an sauke shi daga murhu,
zare na tsinkewa, ni ma haka.

Na sayo fanka a Babbar Kasuwa,
ta yi ta juyo mini zafin da na riga na sani.
Ƙarshen wata takardar kuran ta zo
ta cinye ladan riga uku.

Sai Gwaggo Tsahara ta zo daga Jiratawa
da 'ya'yan soso ƙulle a bakin zane,
guda bakwai, baƙaƙe kamar kaska.
Ta dafa bango, ta janye hannu.
Ta ce, kun bar gini tsirara,
wa ya taɓa tsayawa tsirara a rana ya yi haƙuri?

Na binne su gindin bangon yamma.
Ruwan alwala, ruwan ɗauraya,
abin da dā nake watsarwa a lungu.
Akuyar maƙwabta ta ci biyu.
Ɗaya bai fito ba, Allah ya san dalili.
Huɗun suka kama igiya
suna lalube da 'yan yatsunsu,
na shimfiɗa musu kara a kan kwano kada su ƙone,
suka hau, suka miƙe ƙafa.

Yanzu rana sai ta yi sallama,
ganye ke amsa mata daga waje.
Da la'asar bangon kamar gefen randa.
Fanka tana rataye, gizo-gizo ya ɗinka mata mayafi.

Alhaji Tanimun, mai gidan,
shi da ya ce ina kiran macizai,
ya zo karɓar haya ranar da kuran ya ɗauke.
Ya zauna kan benci, ya tuɓe hula,
kafin in ƙirga kuɗin barci ya sace shi.
Na tsai da keke don kada ya farka.
Da ya farka ya dubi sama, ya daɗe,
ya ce wata mai kamawa a ƙara jikka biyu,
ɗaki mai sanyi ba ɗaya yake da sauran ba.

Ban ce kome ba.
Da yamma na tsinko busasshen soso,
na girgiza shi kusa da kunne,
na ji suna amsawa daga ciki.
Na zazzage su a tafin hannu.
Bangon nasa ne, kwanon ma nasa.
Na ƙulle bakin zanena.