Ƙirgen Kai

Wayar bayan firij ce, in ji masu kashe gobara.
Ni dai abin da na sani,
karen maƙwabta ya yi haushi ƙarfe uku saura,
na buɗe ido, rufin kwano yana ƙara kamar kifi a mai.

Gidanmu na katako ne, maƙale a jikin tudu
kamar sauran gidajen Valparaíso,
baya ga dutse, fuska ga teku.
Ruwa ga shi nan shimfiɗe har iyakar gani,
amma ko cikin cokali
bai hawo matakala ɗari da sha huɗu ya zo mana ba.

Fermín ya goya mahaifiyarsa.
Na ja Amaro da hannu ɗaya, Ignacia da ɗaya.
A titi na ƙirga: ɗaya, biyu, uku, huɗu.
Na sake. Huɗu.
Na kwarma ihu,
sai Ignacia ta ja gefen rigata:
"Mama, ba ki sa kanki ba."

Da gari ya waye, wuta ta ci ta yi gyatsa.
Ta bar mana ƙarfen gado, tukunya ɗaya,
da keken ɗinkina, baƙi ƙirin,
tsaye cikin toka kamar akuyar da garke ya tafi ya bari.
Haƙoran roban Kaka Eduvigis sun narke tare da kofinsu.
Ta dube ni da dasashi, ta ce,
"Na huta da tauna burodinki."
Muka yi ta dariya har ta juye kuka,
ba wanda ya ga inda ta juya.

A ofishin gunduma aka miƙo mini takarda:
rubuta abin da kuka rasa, da kuɗinsa.
Katifa uku. Firij. Talabijin.
Sai biro ya tsaya.
A wane layi zan sa jikin ƙofar kicin
inda muke zana tsayin yara da fensir?
Nawa ne kuɗin Amaro yana ɗan shekara huɗu,
kansa daidai ƙuguna?

Wata biyu muna kwana a zauren coci, labule ne bango,
tarin maƙwabci ya zama agogonmu.
Amaro yana zuwa makaranta da rigar sadaka,
an rubuta Gaspar a wuyanta.
Na ɗauko sabulu, ya riƙe hannuna.
"Bar shi. Su Gaspar gidansu bai ƙone ba."

Ignacia ta cika bakwai, ta ce ba ta son kyandir.
Muka kafa mata furanni bakwai a kan kek.
Ta hura su duk da haka.

Fermín bai ce uffan ba.
In ya dawo daga tashar jiragen ruwa,
sai ya lalubo makulli a aljihu
a bakin ƙofar da ba tamu ba.
Sau uku ina gani. Ban ce na gani ba.
Ni ma kullum sai na wanke gashina sau biyu,
hayaƙin yana nan, ni kaɗai nake jin sa.

Wata Lahadi mutanen tudu suka jeru a matakala,
katako yana hawa hannu zuwa hannu,
har da Baltasar, wanda muka shekara biyar ba ma gaisawa
saboda magudanar ruwa.
Da ya miƙo mini allo ya kau da kai,
na karɓa na kau da nawa.

Yanzu ɗaki biyu ne, rufin yana yoyo ta kudu.
Ƙofar kicin sabuwa ce, tana warin fenti.
Jiya Fermín ya jingina yaran da ita, ya ja layi biyu,
sannan ya ce, "Rosaura, zo ke ma."

Har yau ina farkawa ƙarfe uku saura.
Ina taɓa bango da bayan hannu, in ji ko da ɗumi.
In bi ɗaki ina sauraren numfashi:
munsharin Kaka, Fermín, yara biyu a katifa ɗaya.
Huɗu.
Sai in ɗora tafi a ƙirjina,
in jira ya amsa.