Kaset Goma Sha Bakwai

Ran kasuwa ne, Jega ta cika ta batse,
Ina tsugune kan rediyon wani mai kifi,
Arzika mai albasa ya dafa ƙyaurena:
"Modi, aje aikin nan. Labbo na Kimba,
Daren jiya ya amsa kiran da ba a ƙin amsawa."

Ban yi kuka ba. Na ce Allah ya ji ƙansa,
Na gama gyara, na karɓi ɗari uku.
Sai da na jawo akwatin ƙarƙashin benci
Idona ya fara kawo ruwa.

Kaset goma sha bakwai, da rubutun hannuna,
Tawada ta koɗe, gara ta ci kwali.
Na zura biro a haƙoran guda,
Na juya, na juya, zaren ya koma gida.
Ina ma haka rai yake komawa.

Labbo, ƙoƙo da fata da tsirkiya biyu,
Su ke nan jarinka, sai tari da goro.
Amma in ka zauna a tasha bayan isha
Direban tirela kan kashe injinsa,
Mai shayi ya bar madara tana ƙonewa.

Ka yi wa ɗan kwale-kwalen da gulbi ya ci waƙa,
Ba ka san shi ba, ba wanda ya biya ka.
Uwarsa ta tako har shagon nan,
Ta sayi kaset alhali ba ta da rediyo,
Ta ƙulle a haɓar zane.
Ta ce ɗanta na ciki, ba sai ta ji ba,
Ya ishe ta ajiyewa.

Kai ba waliyyi ba ne, ni ma shaida ne.
Ka ci bashina na batir shida,
Ka zambaci mutum don ya hana ka riga,
Kakan makara biki har a naɗe tabarmi.
Duk mukan manta da ka fara taɓawa.

Yau fa? Shagona ya koma na tura waƙa,
Ɗari biyu in cika maka waya.
Yaro ya shiga ɗaki da hantsi, shi da kwamfuta,
Kafin azahar ya fito da baƙin tabarau,
Wai an gama, har an fara rawa.

Muryarsu guda ce, inji ya tace ta,
Kamar sauro a cikin gwangwani.
Masoyiya, zuciya, hawaye, zuma,
Su ake ta juyawa kamar masa a tanda.
Laraba a yi yayi, Asabar sai mantuwa.

Haka nake ta faɗa ran sadakar uku,
Sai jikata Ramlatu ta ce, "Kaka,
Ba kai ka ce babanka ya fasa maka rediyo
Don ya ji Labbo ba? Wai kiɗan 'yan tasha?"
Na yi gum.
Yarinya ba kunya, ga tsinin tunawa.

Ta cusa mini abin kunne. Wani yaro ne ɗan Aliero,
Fiyano, gangar inji, duk tarkacen nan.
Amma can ƙasa, inda numfashi ke yankewa,
Na ji ya ja baiti, ya sake shi a karkace,
Yadda kake yi in waƙa ta zo ƙarewa.

Ban ce mata ya iya ba.
Na ce ta maido baya, ban ji da kyau ba.

Labbo, ban san wa zai gaje ka ba.
Gurmin na rataye, an ce tsirkiya ɗaya ta tsinke.
Allah ya yalwata maka makwanci, ya sa inuwa.
Kuɗin batir na yafe.
Gobe zan nemo bel na tsohuwar rakodata,
Ko da Birnin Kebbi zan je,
In ji tarin nan naka kafin farawa.