Ambulan Ya Kwana a Gidana

Ni ne Filibus ɗan Habila,
akawun ruwa a Damagaram.
Jerin unguwanni yana hannuna,
ni ke shata wa tanka hanya
in bazara ta kai famfo ga ƙafewa.

Ran Laraba wani ya shigo da ƙamshi,
mai gidan bulo na hanyar Tanut.
Ya tambayi lafiyar Tabita,
ya san ƙaramin ɗana na fama da tari.
Ya ajiye ambulan gefen hatimi
kamar wanda ya yi mantuwa.
Ya ce, "Kara-Kara sun saba haƙuri,
kwana biyu ba ya kashe kowa."

Ban ce i ba, ban ce a'a ba.
Na sa shi aljihu na hau babur.
Daga bakin Dole har ƙofar gida
yana cin ƙirjina kamar garwashi,
ina gaida mutane ina wucewa.

Da dare na ƙirga, jika tamanin.
Shaiɗan bai zo mini da ƙaho ba,
muryar ma'ajin majami'a ya ara:
"Kwanon rufinmu ya huje wuri bakwai,
damina na tafe, bencina na ruɓewa.
Rabi ka zuba baiko ran Lahadi,
rabi ka kai kantin magani."
Har na fara kiran abin baiwa.

Tabita ta dube ni, ta dubi kuɗin,
ta karkata randa, ta kankaro moɗa guda.
Ta ce, "Ni ban iya lissafi ba.
Wannan jarka nawa ne na matan can
da ke bin layi tun kafin asuba ta keto,
goyo a baya, ana ta turawa?"

Dattijo Barnaba ya taɓa ce mini,
"Bar ofis ɗin nan, tarko ne.
Zo ka riƙe mana ɗakin littattafai,
katangarmu doguwa ce, ɗana."
A daren nan na so katangar,
na so ƙofa mai sakata biyu,
inda ba mai sallama da turare,
ba hatimi, ba sa hannu, ba rokon kowa.

Sai na tuna Ma'azu, abokin teburina.
Ran Juma'a ni ke riƙe masa aiki,
ran Kirsimeti shi ke riƙe nawa.
Da layya cinyar rago har gida,
da babana ya rasu kwana uku yana tabarma.
In na gudu, wa zai zauna kujerata?
Kanwa ma in ta kwana a buhu
ba ta sa wake ya nuna.
Kuma mai raɗan nan ya san kan katanga,
ai a gurfane ya same ni,
ina tsakiyar addu'a yana ta zugawa.

Da safe na bi ta tsakanin duwatsun Birni
na kai wa mai bulo kayansa.
Ya yi dariya har da tafa hannu:
"Kai dai haya za ka mutu kana biya."
Ban musa ba, wata na ƙarewa.

Da azahar tanka ta shiga Kara-Kara.
Ba wanda ya san abin da ya faru.
Wata tsohuwa ma zagina ta yi,
wai mun bar su tun safe rana na gasawa.
Na ce ta yi haƙuri, na kama mata jarka.

Rufin majami'a yana nan da hujinsa,
mun tanadi robobi bakwai.
Maganin tari bashi na ɗauko.
Ba na cika baki, ya Ubangiji,
ambulan ya kwana a gidana,
kuma Laraba tana sake zuwa.
Kada ka ɗauke ni daga teburin nan,
hannuna kawai ka riƙe
sa'ad da hatimi ke saukowa.