Takardu Biyu a Mai Wurno

Rana ɗaya suka iso, su biyu,
a aljihun direban motar Sinnar,
ɗaya da tabon shayi a kusurwa.
Kowacce ta ce: Muzammilu, an ɗauke ka.
Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune,
na rasa wacce zan fara yi wa murna.

Ta Hartum mai nauyi ce, hatimi uku.
Na tuna dandalinsu,
jan labule mai tsayin giginya,
fitilun da ke sa mutum ya manta yana da inuwa.
Ranar gwaji na rera, na taka,
na mutu sau biyu a kan katako na tashi.
Ustaz Awad ya zare tabarau ya ce:
"Muryar nan zinariya ce,
amma akwai laka a harshenka.
Ba mu shekara huɗu, za mu wanke."

Ta Madani falle ɗaya ce, tawadar ma ta gaji.
Ɗakin gwajinsu tsohon siton auduga ne,
fanka na kuka, piyano ta zubar da haƙora uku.
Ustaza Nimat ba ta yabi muryata ba.
Cewa ta yi: "Waccan ta ƙarshe, ta masu jan taru,
me take faɗa?"
Na fara juya mata da Larabci.
Ta ɗaga hannu: "Bari. Sake rerawa yadda ta zo."

Yayata Tahani ta yi lissafi a bayan kwalin sukari:
haya, ful na safe, kuɗin mota,
takalmin rawa da ba a zuwa ko'ina da shi.
Madani, in ji ta, kofin shayi arba'in a wuni ya riƙe ka,
ran Alhamis ka dawo ka ci godo-godon Inna.
Da ta zo kan Hartum sai ta ja layi,
ta dubi bakin ruwa
inda injin jirgin Baba ke lulluɓe da buhu.
Ba wanda ya ce kome. Buta ta tafasa ta ƙafe.

Kwana shida ina kwana da su ƙarƙashin matashi.
Zuciyata ta riga ta shimfiɗa tabarma a siton auduga,
inda aka ce in sake, ba a ce in gyara ba.

Baba ba ya karatu.
Ya ɗora su a tafin hannu yadda yake auna ragon ruwa,
ya miƙo mini, ya koma ɗinkin taru.
Sai da ya ƙulla ido goma kafin ya yi magana:
"Kakana da ƙafa ya taso, Makka ya nufa.
Ya iso nan, ruwa ya yi masa daɗi, mutane suka yi masa fara'a,
ya ce bari in huta.
Ga kabarinsa can bayan gonar kuɓewa.
Ban ce ya yi kuskure ba.
Na dai san yadda zango ke zama gida."

Na ce, Baba, injin fa?
Ya ce, "Kafin inji da me nake tuƙi?"
Ya nuna filafili da haɓa.

Daren nan na rubuta wa Ustaza Nimat.
Sau huɗu ina yagawa,
don ban san yadda ake ban haƙuri
ga wanda ya fara jin ka ba.

Da asuba, kafin motar Sinnar,
na gangara inda jirgin ya yi sauƙi a kan ruwa,
na cika gwangwanin tumatir da laka,
baƙa, mai ƙarnin kifi,
na tura ƙasan jaka kusa da takalmin rawa.

Shekara huɗu, in ji Ustaz.
To, bismilla.
Su wanke, ni in riƙa shafawa.