Hannu Biyu a Kan Taya

Barmo ya shigo garejina a Domayo
hantsi bai gama ɗagawa ba,
buhu arba'in na albasa a bayan mota,
warinta ya riga shi sallama.
"Iska kawai, Usta, ƙara min iska,
a Kusiri nake so in yi magariba."

Na durƙusa da tiyo a hannu,
sai tayar hagu ta tsare ni da ido:
gefen ciki ya cinye sumul kamar tafin jariri,
na waje da zanensa, ko gezau.
Taya ba ta cin gefe ɗaya don nishaɗi.

"Sitiyarin nan yana maka wasa?"
Ya dubi rassan darbejiya. "Kaɗan.
Daga Mora zuwa Waza, motar wa ba ta rawa?"

Na ce, Adum, kawo jak.
Muka tokare baya da dutse, muka ɗaga gaba.
Hannu ɗaya nan, hannu ɗaya can,
riƙon mai bakace da faifai,
na tura, na jawo, na tura.
Ƙwas. Ƙwas.
Ƙarar ba ta kai tarin akuya ba,
amma na ji ta har cikin turamen haƙorina.

Adum ya kwanta kan kwali, ya leƙa.
"Robar ta yage, Usta.
Giris ya gudu, yashin rafi ya tare a ɗakinsa."

Mutanen Kano tayarod suke ce mata,
mu nan Marwa rotil muka tarar ana faɗa.
Kira ta yadda ka so,
'yar sanda ce, kamu biyu ba ta cika ba,
da ɗan dunƙulen kai mai juyi cikin kwasfa.
Ita ke kai saƙon hannunka wurin taya.
Ranar da ta saki,
ka yi ta murza sitiyari
kamar mai sallama a gidan da aka yi ƙaura.

A bakin noti, mazaunin fil,
wani gwani ya lanƙwasa ƙusar kafinta,
tsatsa ta ci rabinta.

"Ta kai ni jiya, za ta kai ni yau.
Rana na dafa min dukiya, Usta."

Ban yi musu ba.
Ban ba shi labarin motar da na taɓa jawowa
daga kwazazzabon hanyar Mokolo ba;
wannan nawa ne, ni nake kwana da shi.
Hannunsa na kama, na ɗora a kan gaɓar,
na ce, Adum, girgiza.

Ya ji ta tana motsi cikin tafinsa
kamar haƙorin yaro mai shirin famfara.
Ya ɗaga kai.
Can bisa buhuna 'yan lodi biyu na cin fanke,
da ɗan ƙanwarsa, ƙafafu na lilo,
yana lasar sukari a yatsa.

Ya daɗe bai ce komai ba.
Sannan: "Nawa?"

Adum ya hau babur ya nufi 'yan kayan gyara.
Ni na kwance tsohuwar ina ƙirga juyi,
goma sha bakwai,
na rubuta da alli a jikin ƙofa
don sabuwar ta zauna inda 'yar'uwarta ta tashi.
Na ɗaure noti, na zura fil na gaskiya,
na buɗe masa ƙafafu.
Na girgiza ta dama ita ma. Shiru.
Muka ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba
har ƙafafun suka dubi alƙibla ɗaya.

An kira azahar yana ƙirga sefa.
Ba su cika ba.
Ya sa aka sauke min rabin buhu,
yana ƙunƙuni, yau sai dai kwanan Waza.

Na bi shi da ido har shataletale.
Ya karya kwana, motar ta bi hannunsa
kamar raƙumi da akala.

Na wanke hannu da kalanzir, da toka, da sabulu.
Baƙin bai fita daga farce ba, ba ya fita.
Adum na tsaye da tsohuwar rotil,
yana kaɗa ta kusa da kunne,
ƙwas, ƙwas.
Na ce, kar ka yar.
Rataye ta a ƙusar bakin ƙofa,
gobe wani zai zo neman iska kawai.